Nonon da Rahila Ta Sha

Ko da tsufa zai kwashe mini komai na aikin asibiti, ba na jin zan manta da ranar da Mama Saratu ta dire mini ƙullin citta a ƙofar ɗakin mata, tana dariya, ta faɗa mini maganar da ban taɓa zato ba. A Kafanchan ne, a shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira. Lokacin ina sitaf nas, wato na gama makaranta na fara aiki amma ban kai matsayin sista mai riƙe da ɗaki ba. Mutanen gari dai ba ruwansu da wannan, duk macen da suka gani da farar hula Sista ce a wurinsu.

Ku 'yan yanzu da kuke tsaki in sakamako ya kwana biyu bai fito ba, ku gyara zama ku ji yadda muke yi. Ba mu da likitan nazarin tsoka, ko a mafarki. Likita ɗaya ne ke yin tiyata, wani mutumin Indiya mai haƙuri, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba, don haka ni ce bakinsa kuma ni ce kunnensa. In ya ciro wani abu daga jikin mutum, ni zan tara faranti in karɓa, in jefa a kwalba mai fomalin, wani ruwa ne mai yaji a ido da ke hana nama ruɓewa. In liƙe murfin da filasta, in rubuta suna, in jera kwalaben a akwatin katako in cusa tsumma don kada su fashe. Daga nan sai tasha. Akwai wani mai gadin jirgin ƙasa, ɗan ƙabilar Ibo da ya dawo Kafanchan da iyalinsa bayan yaƙi, shi muke damƙa wa akwatin, ya riƙe shi kamar ƙwai har Kaduna, daga can a wuce da shi Zariya. A can ne ake yanka naman siriri fiye da ɓawon albasa, a rina shi, likitan da ya ƙware ya duba a madubi mai ƙara girman abu ya faɗi ko mene ne. Kafin amsa ta dawo sai an yi makonni, wani lokaci har wata ya mutu wani ya tsaya.

Kwalaben nono sun fi kowanne yawa a akwatina. Su ne suka koya mini cewa "ƙullutu a nono" ba sunan ciwo ɗaya ba ne. Akwai ƙurjin masu shayarwa, mai zafi da mugunya, wanda mace za ta zo tana ihu amma a tsaga shi a matse ta warke. Akwai ƙarin 'yan mata, mai santsi, kana taɓa shi yana zillewa ƙarƙashin yatsa, ba ya kisa. Akwai wanda jakar ruwa ce kawai. Na ga kitse ya daskare ya yi tauri a inda itacen girki ya bugi mace, kowa ya tsorata, ashe ba komai. Na ga tarin fuka ya bar huhu ya je ya zauna a nono. Har maza sun zo mana da nasu, suna sunkuyar da kai. Sai kuma uban gayyar, sankara, wadda wasu ke ce wa ciwon daji. Ita ce ta fi iya lallaɓawa, domin da fari ba zafi, ba ƙaiƙayi, tana zaune shiru tana cin mutum. Yatsa yana iya yin zato, amma madubi ne ke yanke hukunci, shi ya sa likitanmu ba ya cire wa mace nono sai amsa ta dawo daga Zariya.

Mama Saratu ita ce uwar zumuntar mata a majami'armu. Mutumiyar Kwoi ce, gwauruwa, doguwa, mai murya, in ta ɗaga waƙa a sujada har masu rake a bakin tasha sun san ita ce. Sana'arta citta: ta saro ɗanya daga ƙauye, ta tsaga, ta shanya, ta sayar wa masu lodi. A farkon daminar wannan shekara ta kawo mana autarta Rahila, amarya, wadda ta auri wani malamin firamare a Godogodo. Rahila tana da ƙullutu a nonon hagu. Likita ya taɓa ya ce da alama irin na 'yan mata ne, amma a cire a aika.

Mama ce ta yi jinyarta, kuma wallahi ta ishe ni da tambaya. Ina wanke ciwo tana kaina, ina raba magani tana bayana.

"Sista, irin wannan abu, daga ina yake shiga mutum?"

Na ce, "Mama, ko likitoci ba su gama sani ba. Yana fitowa ne kawai."

"Ba a nono ake sha ba?"

"A'a, ba ya bin nono."

Ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da mutanenmu ke yi wa mai farar hula, wadda ba ta nufin an yarda, tana nufin an ji. Ta roƙe ni in nuna mata abin da aka ciro. Na ɗaga mata kwalbar, ga shi fari, mulmulalle, bai fi ƙwan zabo ba. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce in mayar.

Amsa ta dawo kamar yadda likita ya zata: ƙari ne marar mugunta, an cire an gama. A baranda na tare su na faɗa musu, ina sauri zan shiga tiyata. Ranar Lahadi Mama ta yi godiya a majami'a. Ta kawo baikon zakara da kwanon acca, ta yi rawa daga ƙofa har gaban bagadi, hawaye na zuba. Na ce a raina, kai, wannan uwa da son 'ya take.

Damina ta wuce, kaka ta yi, aka shiga haƙar citta. Ana saura kaɗan Kirsimeti sai ga ta da ƙullin nan a ka, wai godiyata ce ta zo yi tun da sabuwar citta ta fito. Muka gaisa, na tambayi Rahila, ta ce ai Rahila ciki ya tsufa, sai addu'a. Har ta juya za ta tafi, sai ta dafa kafaɗata ta ce:

"Allah ya yi miki albarka, Sista. Tun ranar da amsar nan ta zo nake barci kamar jaririya. Nawa ma na daina taɓa shi."

Na ce, "Naki me, Mama?"

"Nawa ƙullutun mana. Uwar na Rahila."

Ban san lokacin da na kama hannunta na ja ta bayan labule ba. Ta kwance zane ba gardama, tana mini dariya wai na cika tsoro. Na ɗora hannu. Abu ne mai tauri kamar dutse, ba ya zillewa, ya kama fata ya ja kan nonon ciki. Na kai yatsu hammata na ji kaluluwa. Na tambaye ta tun yaushe, ta ce damina biyu ke nan, tun kafin na Rahila ya fito.

Sai ta zauna a bakin gado ta warware mini lissafinta dalla-dalla, kamar mai koya wa yarinya tuwo. Ta ce Rahila wannan nonon na hagu ta fi sha tana jaririya, ba ta son na dama. Da ta ji ƙullutu ya fito wa Rahila, kuma a hagu, ta san daga ina ya zo. Ta yi kuka a ɓoye, ta ce ita ce ta shayar da 'yarta ciwo. Shi ya sa ta kawo ta da gudu, ta bar nata, domin yarinya ce ke da sauran rayuwa. To da Zariya ta ce na Rahila ba mugu ba ne, magana ta ƙare.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Sista. In 'yar ba ta da mugunta, uwar a ina za ta samo?"

Na ce, "Mama, kama da wane ba ta wane. Na Rahila aka duba, ba naki ba."

"Jini ɗaya, nono ɗaya, gefe ɗaya. Sau nawa za a duba abu ɗaya?"

Na kira likita. Ya duba ta, ya dube ni, ban buƙaci ya yi magana ba. Ya ce in gaya mata yana so ya yanki ɗan kaɗan a aika, cikin makon nan, kada a jira. Na fassara. Mama ta ɗaura zanenta ta gode masa da ladabi, ta ce Allah ya riga ya amsa addu'arta a gaban jama'a, ba za ta koma tana gwada shi ba. Kuma ga citta a shanye, masu lodi na hanya.

Ku da kuka yi aiki da ni kun san bakina ba ya da linzami in raina ya ɓaci. Na bi ta har baranda ina faɗa, ni da ko haihuwar fari ban yi ba, ina ɗaga wa uwar zumunta murya a gaban mutane. Na ce mata abin nan zai kashe ta. Ta tsaya ta dube ni, ba fushi a fuskarta, sai ma tausayi, ta ce, "'Yata, aiki ya yi miki yawa. Ki riƙa hutawa." Haba! Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙa'idar aiki ba ta yarda in kai sirrin marar lafiya wurin kowa ba, ko da 'yar cikinta ce. Don haka na ce mata kai tsaye, "Mama, zan gaya wa Rahila."

"Gaya mata mana. Abin ɓoyo ne? Ai albishir ne."

Ranar hutuna na hau motar kasuwa zuwa Godogodo. Rahila ta saurare ni har na gama, sai ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Mijinta ya ce ina za ta da wannan ciki a wannan hanya, ta ce masa in ta haihu a mota ya zo ya ɗauki ɗansa.

Mun sami Mama a tsakar gidanta, bayan tasha, da rana tsaka. Citta shanye ko'ina, sai ka zaɓi inda za ka taka, ƙamshinta har yana sa atishawa. Tana zaune kan turmi da wuƙa tana tsagawa. Rahila ta roƙe ta, ta yi kuka, ta haɗa ta da Allah, ta haɗa ta da kabarin babanta. Mama tana ta tsaga cittarta tana cewa yaran zamani ba su da bangaskiya. Ni dai na riga na sare.

Can sai Rahila ta share hawaye. Ta ja kujera ta zauna daf da uwar, ta sassauta murya.

"To Mama, na yarda. A nononki na sha."

"Yauwa. Yanzu kika yi hankali."

"An cire wanda ya fito. Amma wanda ya rage a jikina fa, wanda bai fito ba tukuna? Ba wanda ya san irinsa, tun da ba a duba tushen ba. Ni kuwa ba zan ɗura wa ɗana abin da ban sani ba. In na haihu, ba zan sa shi a nono ba sai an duba naki."

Wuƙar ta tsaya. Ku gane, a wancan zamani a ƙauye, jaririn da aka hana nono an riga an haƙa masa kabari. Madarar gwangwani da ruwan rafi sun kwashe yara a idonmu, Mama kuma ta sani, ta yi wa da yawa waƙar jana'iza.

Na sa baki na ce, "Rahila, ba haka ba ne, ciwon nan ba ya bin nono." Rahila ta watso mini wani kallo, Mama kuwa ko jina ba ta yi ba. Ta zuba wa cikin 'yarta ido. Sai ta ajiye wuƙar, ta karkaɗe zane, ta kira maƙwabciya ta ce ta kwashe mata shanya in rana ta yi sanyi.

Ta ce, "Mu je."

Washegari likita ya yanki ɗan kaɗan, na sa a kwalba, na kai tasha da hannuna. Aka shiga jira. Cikin jiran nan Rahila ta sauka lafiya a asibitinmu, ta sami 'ya mace. Tun da uwar ta cika alkawari, ita ma ta sa jaririya a nono ba wata magana. Suka zauna a gidan Mama don wankan jego.

Amsar ta zo bayan sabuwar shekara. Sankara ce. Likita ya sa aka kira Mama ofishinsa, ya ba ta kujera, ya rufe ƙofa. Ya yi bayani a hankali ina fassarawa: mugun ciwo ne, ya fara kaiwa hammata, dole a cire nonon duka da kaluluwar, kuma ba zai yi mata alkawarin ba zai dawo ba. Na sha faɗa wa mata wannan magana. Wata ta faɗi, wata ta yi shiru kamar an zare mata rai, wata ta tambaya ko mijinta zai ƙara aure. Na shirya wa duk wannan.

Mama ta miƙe zumbur, kujera ta kife.

"Wayyo ni! Tana shan nono! Sista, yarinyar tana shan nono tun da aka haife ta! A je a ƙwace ta! Na kashe su, na kashe su duka biyu!"

Ta yi ƙofa. Na rungume ta ta baya, mace ce mai ƙarfi, ta ja ni har muka bugi bango. Ko kalma ɗaya ba ta yi a kan kanta ba. Lissafin nan nata da ya kwantar mata da hankali wata da watanni, shi ne ya juyo ya shaƙe ta: in uwar muguwa ce, to 'yar ma haka, jikar ma haka.

Na zaunar da ita da ƙyar, na durƙusa a gabanta na riƙe hannayenta. Na ce, "Mama, dube ni. Kin ga na Rahila a kwalba da idonki?"

"Na gani."

"Jirgi ɗaya ya kai shi, ya kai naki. Wuri ɗaya aka duba su, a madubi ɗaya. Suka ce nata ba mugu ba ne, naki mugu ne. Da daga naki nata ya fito, yaya za a yi su bambanta?"

Ta dube ni tana haki. Wannan maganar ce dai nake ta yi mata tun kafin Kirsimeti, ba abin da na ƙara. Amma a da amsa ɗaya ce a hannunmu, yanzu kuwa biyu ne, kuma sun saɓa. Na ga tana juya abin a ranta, leɓɓanta na motsi.

"Wato nawa bai shiga jikinta ba?"

"Bai shiga ba."

"Jaririyar fa?"

"Ta sha nonon uwarta ta ƙoshi. Ba abin da zai same ta ta nan."

"Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, Sista. Nawa ne ni kaɗai?"

Na ce, "Naki ne ke kaɗai, Mama." Ban taɓa gaya wa mutum magana mai nauyin wannan ba.

Sai ta zame daga kujera ta yi gwiwa biyu a kan siminti, ta ɗaga hannu sama, ta ce, "Na gode maka, Ubangiji. Na gode. Na gode." Fuskarta ta washe kamar ranar da ta yi rawa da zakara.

Likita ya tsorata. Ya tambaye ni da Turanci ko na fassara daidai, ko matar ta gane abin da ke jikinta kuwa. Na ce ta gane sarai, na gaya masa abin da take godiya a kai. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Mama ta tashi ta kakkaɓe gwiwa ta ce in tambaye shi yaushe zai yi yankan, don tana so ta warke kafin a fara goyon yarinya.

An yi aikin a makon. Ta warke, ta goyi jikarta, ta koma cittarta da waƙarta. Rahila kuwa likita ya ce ta riƙa zuwa ana duba ta lokaci-lokaci, domin ko da yake ciwon ba ya bin ruwan nono, wani lokaci yakan bi dangi, wannan kuma magana ce daban. Mama ta ga yarinyar ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara kiranta Kaka. Daga nan ciwon ya dawo mata a ƙashin baya. Ba mu da abin yi sai allurar rage zafi. Mu muka yi mata waƙa a zumunta ranar da aka kai gawarta Kwoi, kuma ba a sami mai ɗaga murya kamarta ba.

Har yau nakan tambayi kaina ko watannin nan, daga farkon damina zuwa haƙar citta, da sun canja wani abu. Ban sani ba, likita ma ya ce bai sani ba. Abin da na sani shi ne, a aikinmu mugun labari muke ba kujera mu rufe masa ƙofa, albishir kuwa a baranda muke jefa shi mu wuce, alhali shi ma yana iya yin ɓarna in ya faɗa hannun da ba nasa ba. Tun daga lokacin, ko amsa mai daɗi zan ba mutum sai na zaunar da shi, in ce ya maimaita mini abin da ya ji, in kuma tambaye shi wa da wa yake ganin maganar ta shafa. Za ku sha mamakin amsoshin da za ku ji.

Kuma ku daina cewa mutanenmu jahilci ke hana su jin magana. Mama Saratu ba jahila ba ce, tunani ta yi, mai tsari kuwa, sai dai a kan tushen da ba daidai ba. Mu an koya mana kowane jiki da kwalbarsa da sunansa. Su kuwa ba su san jikinsu ya ƙare a fatarsu ba, yana ci gaba har cikin 'ya'ya da jikoki. Na yi shekara talatin da wani abu ina faɗa wa mata sakamako, na ga kuka iri-iri. Amma mace ɗaya tak na taɓa gani an ce mata sankara ce, ta durƙusa ta gode wa Allah don ciwon bai wuce kanta ba.